Tarihin Jimi Hendrix, makaɗin gita na Amurka (1942-1970)

Ran 18 ga watan Satumba na shekara ta 1970, a birnin Landan, wani baƙar fata ɗan ƙasar Amurka mai suna Jimi Hendrix ya rasu yana da shekara 27 da haihuwa. Shekara huɗu kacal ya yi yana tashe. Amma har yanzu, bayan fiye da shekara 50, in masana kiɗan zamani suka zauna lissafin gwanayen gita mai aiki da lantarki, sunanshi suke fara ambata. Mutane da yawa ba su san komi game da shi ba sai hoto guda: ga saurayi durƙushe bisa dandamali, gitarshi tana ci da wuta a gabanshi. Waɗansu kuma sun ji labarin yana kaɗa ta da haƙora, ko ta bayan ƙeya. Duk an yi haka. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, a sha'anin Hendrix gani ya yi wa ji ɓarna, domin abin kallo ya rufe aikin. Duk mai son sanin mutumin, sai ya zauna ya kasa kunne ga faya-fayan da aka ɗauka lokacin da yake kiɗa gaban jama'a.

Yarinta cikin talauci

An haife shi ran 27 ga watan Nuwamba 1942 a birnin Seattle, can arewa maso yammacin Amurka. Lokacin nan ubanshi, Al Hendrix, yana aikin soja cikin yaƙin duniya na biyu. Uwarshi Lucille ta raɗa mashi suna Johnny Allen, amma da uban ya komo gida sai ya sake mashi suna a 1946, ya zama James Marshall Hendrix. Gidan ba shi da kwanciyar hankali. Ga rashin kuɗi, ga giya, ga faɗa. Auren ya mutu a 1951, kuma waɗansu daga cikin ƙannenshi sai da aka ba wasu gidaje riƙonsu. Uwar ta rasu cikin watan Fabrairu 1958, yaron yana da shekara 15.

Tun yana ƙarami yakan rungumi tsintsiya mai dogon kota yana yi kamar yana kiɗa. Daga baya ya tsinci wata ƴar ƙaramar gita mai tsirkiya guda cikin tarkacen da aka zubar, yana bin waƙoƙin rediyo da ita. A 1958 ya samu gitarshi ta farko ta gaske, kan kuɗi dalar Amurka 5, sa'an nan a 1959 uban ya saya mashi mai aiki da lantarki. Bahago ne, saboda haka sai ya riƙa juya gitar na-dama yana sake jera tsirkiyoyinta. Bai taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba. Malamanshi su ne faya-fayan manyan makaɗan bulus, wato kiɗan baƙin ciki da juriya na baƙaƙen Amurka, irin su Muddy Waters, B.B. King, Howlin' Wolf da Elmore James. Sai ya saurara, ya maimaita, ya sake saurare, har abin ya zauna a yatsunshi. Karatun lakkwal kuwa bai kai ƙarshenshi ba.

Soja da yawon neman abinci

A 1961 ƴan sanda suka kama shi sau biyu cikin motar sata. Aka ba shi zaɓi tsakanin gidan kaso da aikin soja, ya zaɓi soja. Aka kai shi runduna ta 101 ta sojojin laima, a barikin Fort Campbell cikin jahar Kentucky. A can ya gamu da Billy Cox, mai kaɗa gita mai kaurin murya da ake kira bas, suka ƙulla abota wadda ta ɗore har mutuwa. Aka sallame shi a 1962.

Daga nan ya shiga shekara huɗu na wahala. Zamanin nan wariyar launin fata tana da ƙarfi a kudancin Amurka, baƙaƙe suna da nasu gidajen rawa dabam. Cikin waɗannan gidaje Hendrix ya yi ta yawo gari gari, yana yi wa manyan mawaƙa rakiya, cikinsu har da Isley Brothers a 1964 da Little Richard a 1965. A nan ya koyi riƙe kiɗa daram ba tangarɗa, a nan kuma ya ga makaɗa na wasa da gita da haƙora don jawo hankalin ƴan kallo, shi ma ya ɗauka. Ba ya daɗewa wuri guda, domin shugaban ƙungiya yana son ɗan rakiya ya tsaya baya, shi kuwa hannunshi ba ya jin tsawa. Cikin watan Oktoba 1965, yunwa ta sa ya sa hannu kan wata yarjejeniya ta shekara uku da wani ɗan kasuwar faifai mai suna Ed Chalpin, aka ba shi dalar Amurka guda tak. Wannan takarda ta bi shi har ƙarshen ranshi.

Landan da Faransa

A 1966 yana kiɗa a wani ƙaramin gidan shaƙatawa na birnin New York, Chas Chandler, makaɗin ƙungiyar Animals ta Ingila, ya ji shi. Ya ɗauko shi, suka sauka Landan ran 24 ga watan Satumba 1966. Aka haɗa shi da Turawan Ingila biyu, Noel Redding a bas da Mitch Mitchell a ganguna, aka sa wa ƙungiyar suna Jimi Hendrix Experience. Wasansu na farko a Faransa suka yi shi, a garin Évreux, ran 13 ga watan Oktoba, suna share wa Johnny Hallyday fage. Bayan kwana biyar suka hau dandamalin Olympia na birnin Paris, gidan rediyo ya ɗauki wasan. Shi ne kiɗan ƙungiyar mafi daɗewa da ke hannun jama'a.

Kafin shekara ta kewayo sunanshi ya cika Turai. Manyan faya-fayai uku ya fitar daga ɗakin ɗaukar sauti: Are You Experienced a watan Mayu 1967, Axis: Bold as Love a ƙarshen shekarar, da Electric Ladyland a watan Oktoba 1968, wanda ya zo na ɗaya a kasuwar Amurka. Su ukun ke nan. Sauran gadon da ya bari, mafi yawanshi a gaban jama'a aka ɗauka.

Abin da kunne zai nema

Kafin mai karatu ya saurari waɗannan wasanni, yana da kyau ya san yadda sautin ke fita. Gitar Hendrix ƙirar Fender Stratocaster ce, haɗe da manyan akwatunan ƙara sauti na Marshall. In aka buɗe su ƙwarai, ƙarar da ke fita daga amsa-kuwwa takan komo ta girgiza tsirkiyoyin gita, su kuma su sake aika ta, sai a ji wani kuka mai tsawo. Mafi yawan makaɗan da suka gabace shi gudun wannan kuka suke yi, don a wurinsu aibi ne. Shi kuwa ya hore shi: in ya matsa kusa da akwatin ko ya juya jikinshi kaɗan, sai kukan ya sake murya yadda yake so. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe a jikin gitar da ke sassauta tsirkiya ko ya ɗaure ta, da waɗansu ƴan akwatuna a ƙasa da ake takawa da ƙafa. Ɗaya daga ciki, wanda ake kira wawa saboda irin kukanshi, yana buɗe murya ya rufe ta, kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiya a hammata har ganga ta yi magana.

Abu na biyu shi ne babban yatsanshi. Yatsunshi dogaye ne, yakan zagayo da babban yatsa bisa wuyan gita ya danne tsirkiya mai kauri, sauran yatsun kuma suna can suna zuba ado. Shi ya sa mutum kan yi tsammanin makaɗa biyu yake ji. A faifan da aka shirya cikin ɗaki ana iya cewa dabarar injiniya ce. A na gaban jama'a babu wannan zato, domin gita guda ce bisa dandamali.

Monterey, 1967

Ran 18 ga watan Yuni 1967, bayan ya koma ƙasarshi, ya yi wasa wurin babban taron kiɗa na Monterey cikin jahar Kalifoniya, bisa shawarar Paul McCartney na ƙungiyar Beatles. A nan ne ya zuba wa gitarshi mai ya cinna mata wuta a ƙarshen wasa, aka ɗauki abin a silima, hoton ya gama duniya. Waƙa tara ya yi a daren nan, ƙonawar kuwa ba ta wuce ƴan mintoci ba. Wanda ya saurari faifan daga farko zai ji ya buɗe da Killing Floor ta Howlin' Wolf, gita kaɗai, da sauri kamar ƙafar doki a sukuwa, kuma ko bugu guda bai kauce ba kafin ganguna su shigo. Wannan horon gidajen rawa na kudu ne. A waƙa ta uku, Like a Rolling Stone ta Bob Dylan, sai ya sassauta, yana cika tsakanin baiti da baiti da ƴan ƙananan ado masu taushi. Har ya tsallake baiti guda, ya faɗa wa jama'a ya sani, ya ci gaba abinshi.

San Diego, 1969

Red House waƙar bulus ce da ya tsara da kanshi. A faifanshi na farko ba ta kai minti 4 ba. A wasan San Diego na ran 24 ga watan Mayu 1969, wanda ya fito a 1972 cikin faifan Hendrix in the West, ta kai wajen minti 13. Nan ake jin asalinshi. Murya ta faɗi magana, gita ta amsa, kamar mawaƙi da ƴan amshi, sai dai amshin ba ya maimaita kanshi. Ya fara sannu, ya hau, ya hau, sa'an nan ya sauko har sautin ya kusa ɓacewa, kafin ya sake ɗagawa. Mai saurare ya lura da wuraren da ya yi shiru. Makaɗi mai son burgewa tsoron shiru yake yi, shi kuwa yana barin fili tsakanin magana da magana.

Woodstock, 1969

Ƙungiyar Experience ta watse a ƙarshen watan Yuni 1969. Cikin watan Yuli ya ziyarci ƙasar Maroko na ƴan kwanaki, ya komo ya shirya wa taron Woodstock da sabbin abokan aiki, har da Billy Cox da masu ganguna na hannu biyu. Taron ya tara mutum wajen 400.000, amma ruwan sama da jinkiri suka sa bai hau ba sai safiyar Litinin 18 ga watan Agusta, bayan mafi yawan jama'a sun watse. Ya yi kusan awa biyu yana kiɗa. Ƙungiyar ba ta gama sabawa da juna ba, kuma ana jin haka a wurare da dama.

Kusa da ƙarshe ya kaɗa taken ƙasar Amurka. A shekarar nan sojojin Amurka fiye da 500.000 suna fagen yaƙin Biyetnam, kuma shekara guda ke nan da kashe Martin Luther King. Ya fara taken yadda kowa ya san shi. Da ya iso wurin da baitin ke zancen rokoki da bama-bamai, sai ya saki karin waƙar, gita ta koma ƙarar jirgin sama mai sulmiyowa, da fashewa, da jiniya, da kururuwar mutane. Sai ya komo kan taken daidai inda ya bar shi. Can gaba kuma ya saka busar da sojoji ke yi wurin jana'izar ɗan'uwansu. Duka abin bai cika minti 4 ba, kuma bai furta kalma ko guda ba. Waɗansu suka ce ya wulaƙanta ƙasa. Da aka tambaye shi a telebijin cikin watan Satumba, ya nuna cewa shi Ba'amurke ne, kuma a ganinshi abin da ya kaɗa kyakkyawa ne. Wanda bai tsai da faifan nan take ba zai ji, bayan ƴan mintoci, wani kiɗa mai sanyi marar waƙa da ake kira Villanova Junction. Da shi silimar taron ta nuna filin da aka watse aka bar shi da shara.

Fillmore East, 1970

Takardar dala guda ta 1965 ta kai ga shari'a, aka sasanta bisa cewa Hendrix zai ba da faifai guda na sabbin waƙoƙi. Don biyan wannan bashi ya haɗa ƙungiyar Band of Gypsys, su uku duka baƙaƙe: shi, da Billy Cox, da Buddy Miles a ganguna. Suka yi wasa huɗu a gidan Fillmore East na New York, biyu ran 31 ga watan Disamba 1969, biyu ran 1 ga watan Janairu 1970. Faifan ya fito cikin watan Maris. Abin da aka yi don fita kunyar bashi, shi ne ya ƙunshi aikin da masana da yawa ke ɗauka mafi girma a rayuwarshi, wato Machine Gun, ma'ana bindiga mai aman harsashi.

Ya sadaukar da waƙar ga masu faɗa a titunan biranen Amurka da sojojin da ke Biyetnam. Tsawonta ya ɗara minti 12. Da farko ya danne tsirkiyoyi ya karta su, suka yi ƙarar harbi, Buddy Miles ya mayar mashi da irinta a ƙaramar ganga. Billy Cox ya kama kari guda mai nauyi ya riƙe, bai saki ba. Wajen minti na huɗu sai Hendrix ya ja sauti guda ɗaya tak, ya riƙe shi yana rawa cikin iska na tsawon daƙiƙoƙi, kamar guɗar da ta juye ta zama kuka. Daga nan gita ta yi ta ba da labarin yaƙi har ƙarshe. Hoton silima da aka ɗauka a daren ya nuna shi tsaye wuri guda, kai a sunkuye, ba tsalle ba wasa da haƙora. A kowane ɗaya daga cikin wasannin huɗu ya kaɗa wannan waƙa, kuma tun 2019 an fitar da su duka. Wanda ya jera su ya saurara zai tarar babu biyu da suka zo iri ɗaya.

Gajiya da ajali

Faya-fayan gaban jama'a ba su ɓoye rauni. Masu kula da harkokinshi sun yi ta tura shi rangadi ba hutu, ga shari'o'i, ga kuɗin ginin ɗakin ɗaukar sauti nashi na kanshi, Electric Lady, a New York. Jama'a kuma sai tsofaffin waƙoƙi da wasan wuta suke nema. Ga shi ya faɗa shan ƙwayoyi, abin da ya ƙara raunana shi. Ran 28 ga watan Janairu 1970, a Madison Square Garden, ya sauka daga dandamali bayan waƙa biyu. A ƙarshen watan Agusta, a tsibirin Wight na Ingila, ya hau cikin tsakar dare a gajiye, na'urori suna ba shi wahala, har maganar masu tsaro ta rediyonsu tana kutsowa cikin amsa-kuwwarshi yana tsakiyar Machine Gun. Duk ana jin wannan a faifan. Ana kuma jin yadda yake ta kokawa da kayan aiki har ya samu abin da yake nema a waɗansu wurare. Wasanshi na ƙarshe gaban babban taro shi ne na tsibirin Fehmarn a Jamus, ran 6 ga watan Satumba.

Bayan kwana 12 ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima a wani masauki na Landan, amai ya shaƙe shi cikin barci. Mai binciken gawa bai yanke hukunci kan yadda abin ya faru ba. Aka kai shi gida, aka rufe shi ran 1 ga watan Oktoba 1970 a Renton, kusa da Seattle.

Gadon da ya bari

Bai bar wasiyya ba. Ƴan kasuwa suka yi ta fitar da abin da suka tarar cikin ma'ajiya, mai kyau da marar kyau. A 1975 har aka goge kiɗan abokan aikinshi daga waɗansu waƙoƙi, aka ɗora na waɗansu makaɗa da ba su yi aikin tare da shi ba. Sai a 1995, bayan doguwar shari'a, ubanshi ya karɓo haƙƙin ayyukan ɗanshi. Saboda haka duk faifan da aka miƙa wa mutum da sunan Hendrix, ya dace ya duba wuri da ranar da aka ɗauke shi.

Kiɗanshi ya iso har ƙasar Nijar. Omara Moctar na Agadas, wanda aka fi sani da Bombino, ya koyi abubuwa da yawa yana yaro ta kallon bidiyon Hendrix lokacin gudun hijira. Mdou Moctar na jahar Tawa, shi ma bahago, wanda ya harhaɗa gitarshi ta farko da wayar birkin keke, ƴan jaridar ƙasashen waje sukan kwatanta shi da Hendrix. Samarin da ke ɗaukar gita a Maradi, Damagaram ko Yamai suna da abin koyi cikin wannan tarihi ta fuska biyu. Kada ɗan sana'a ya sa hannu kan takardar da bai fahimta ba, komi yunwa, kuma ƙwaya ba ta ƙara wa Hendrix komi ba sai gajarta kwana. Gwanintar kuwa, daga shekarun da ya yi yana saurare yana maimaitawa ta fito. Wanda ya samu ɗaya daga cikin faya-fayan nan, ya nemi wuri marar hayaniya, ya bi gita a karo na farko, ya bi bas da ganguna a karo na biyu, a na uku ya ji yadda suke amsa wa juna.